Yadda Ake Rage wa Katin Haƙar Kirifto Cin Wuta

Katin girafik da aka sa haƙar kirifto abu biyu yake fitarwa: lissafi da zafi. A kan lissafin ake biyan ka. Zafin kuwa kai ne mai biya, kuma sau biyu: ka biya a mita, ka sake biya ranar da fanka ta tsaya ko memori ya gaji. Sana'ar daidaita kati gaba ɗayanta ita ce a zaftare zafin yadda ya kamata, a bar lissafin kusan inda yake.

Mu fara raba zance. Danne-dannen waya irin na Notcoin da Hamster Kombat, da suka cika gari a 2024, ba sa cikin wannan bayani, domin wayar ba ta haƙa komai. Bitcoin ma ba ya ciki. Tuntuni ya koma hannun injuna na musamman da ake kira ASIC, kuma kati ba ya iya karawa da su. Ethereum, wanda ya jawo wawason kati a 2021, ya rufe ƙofar haƙa ranar 15 ga Satumba, 2022. Abin da ya rage wa mai kati shi ne irin su Ravencoin da Ergo da Ethereum Classic da wasu ƙananan kuɗaɗe masu zuwa su wuce. Ribarsu siririya ce ƙwarai. A zamanin Ethereum mutum na iya yin sakaci da wuta ya ci riba duk da haka. Yanzu wat talatin a kan kati ɗaya ya isa ya mayar da riba hasara.

Dalilin da kati ke shan wutar da ba ya buƙata

Kamfanonin Nvidia da AMD don masu wasannin kwamfuta suka ƙera waɗannan katuna. Sun tsara su ne su yi ta hawa gudu matuƙar akwai sauran wuta da sauran sanyi. Ga shi kuma ko a cikin samfuri ɗaya babu ƙwaƙwalwar kati biyu da suka fito daidai wa daida: wata tana aiki lafiya da ƙaramin boltej, wata sai an ƙara mata. Don kada a riƙa dawo musu da kaya, sai kamfani ya sa boltej ɗin da zai wadaci mafi rauni a cikinsu. Wato dai akwai yiwuwar katinka yana shan abin da aka auna wa wanda bai kai shi ba.

Abin da ya sa rage boltej ke da tasiri sosai shi ne cin wuta ba ya bin boltej ƙafa da ƙafa, ninki yake yi. Idan ka sauko daga bolt 1.05 zuwa 0.85, ka rage kusan kashi 19 cikin 100 na boltej, amma wutar da ƙwaƙwalwa ke ci wajen aiki za ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, ko da gudun bai sauya ba. In ka haɗa da rage gudun, ragin ya ƙara yawa.

To, ba za a rasa saurin haƙa ba? Ya danganta da kuɗin da ake haƙa. Tsarin Etchash na Ethereum Classic da Autolykos na Ergo a kan memori suka dogara; ƙwaƙwalwa galibi jira take yi memori ya miƙo mata bayanai, don haka gudun da ta ƙara a banza yake tafiya. KawPow na Ravencoin yana wahalar da su duka biyun, shi ya sa ya fi zafi, kuma ragin da za ka samu a kansa bai kai na sauran ba. Akwai kuma masu aiki da ƙwaƙwalwa zalla, irin tsarin Kaspa kafin injunan ASIC su mamaye shi a 2023. A irin wannan, memori ake sassauta wa. Saitin da ya yi wa wani kuɗi daidai ba zai yi wa wani ba, don haka duk ranar da ka sauya kuɗi, gwaji ya koma farko.

Kafin ka taɓa komai

Ka tanadi MSI Afterburner idan Windows kake amfani da shi (tana aiki da katin kowane kamfani), da GPU-Z ko HWiNFO64 don ganin zafi da sanin memorin da ke cikin katin, na Samsung ne, na Micron ko na Hynix. Masu kati da yawa sun fi son HiveOS, wanda aka gina a kan Linux, saboda ana sarrafa shi daga waya. Sai abu mafi muhimmanci, wanda mutane suka fi yi wa rowa: ƙaramar mitar wat da ake sakawa tsakanin soket da filogi. Lambar da manhaja ke nuna maka ba ita kamfanin wuta ke caja ba. Fawa fak mai tambarin 80 Plus Gold yana ɓarar da kusan kashi goma cikin ɗari a matsayin zafi, madabod da fankoki suna cin nasu, kuma tsofaffin katunan AMD irin RX 570 da RX 580 wutar ƙwaƙwalwa kaɗai suke faɗa, su ɓoye sauran. Sai ka ga manhaja ta rubuta 85 alhali a bango abin ya haura 120. Gani ya kori ji. A bango ake awo.

Kunna haƙa ba tare da wani saiti ba, ka bar shi minti ashirin ya yi zafi, sannan ka rubuta abu huɗu a takarda: saurin haƙa, wat a bango, zafin ƙwaƙwalwa, zafin memori. Daga nan duk canjin da za ka yi, ɗaya-ɗaya za ka yi shi, a kan kati ɗaya, kana rubutawa. Wanda ya murɗa abu uku a lokaci guda, in inji ya tsaya ba zai san wanne ne ya jawo ba.

Ma'aunin da za ka riƙa bi shi ne megahash (da shi ake auna saurin haƙa) nawa kowane wat yake kawowa. Mu ɗauka kati ya ba da megahash 62 a kan wat 150: in ka raba, 0.41 ke nan. Ka rage shi ya koma 60 a kan wat 118, ya zama 0.51. Megahash biyun can da ke burge ido, ƙarin kashi uku ne cikin ɗari na samu, amma ƙarin kashi 27 ne na wuta. Yawancin masu fara wannan harka a nan suke faɗuwa, saboda babbar lamba a allo tana da daɗin kallo.

Iyakar wuta

Ita ce mataki mafi sauƙi. A Afterburner akwai layin da aka rubuta wa Power Limit, yana kan 100. Ja shi zuwa 80, ka danna alamar amincewa, ka duba saurin haƙa. In bai motsa ba, sauko 75, sannan 70, biyar-biyar, kana ba kowane mataki minti goma. Akwai inda za ka kai saurin ya faɗi warwas. Koma mataki ɗaya baya ka tsaya. A katin Nvidia ana iya yin haka da umarni, da adadin wat kai tsaye: nvidia-smi -i 0 -pl 130 zai tsayar da kati na farko a kan wat 130. Umarnin nvidia-smi -q -d POWER kuma zai nuna maka ƙasa da saman abin da katin ya yarda a sa masa.

Don ka san inda ake dosa: RTX 3070 an rubuta masa wat 220, amma a zamanin Ethereum mahaƙa suna samun wajen megahash 60 da shi a kan wat 120 ko kusa da haka. RTX 3080 mai wat 320 yana ba da kusan 95 zuwa 100 a kan wajen 230. GTX 1660 Super mai wat 125 yana kawo wajen 30 a ƙasa da wat 80. Waɗannan alƙaluma na tsarin Ethereum ne da ɗan'uwansa Etchash. Kada ka neme su a KawPow.

Sai dai iyakar wuta kaɗai aikin rabi ne. Abin da take yi shi ne ta bar kati ya yunƙura sama, in ya bugi iyakar ta danno shi ƙasa, ya sake yunƙurawa, haka nan sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Gudu na rawa, boltej na rawa, saurin haƙa na rawa. Kuma duk yunƙurin da ya yi sama, a boltej mai tsada yake yin sa. Shi ya sa a ganina matsayinta na shinge ne kawai: a sa ta don kada kati ya ƙetare, amma ainihin ragin a wani wuri ake yin sa.

Memori

Kafin mu je can, a gama da memori, tunda shi ne mai kawo kuɗin a tsarin da ya dogara da shi. Ƙara masa gudu ɗari-ɗari a Afterburner. Katuna masu GDDR6 na Samsung, irin yawancin 3060 Ti da 3070, sukan jure ƙarin 1000 ko fiye. Na Hynix sukan gaza da wuri. Akwai ma abin mamaki a GTX 1660 Super mai memorin Hynix, wanda mahaƙa suka gano ya fi sauri idan an rage masa 502 maimakon a ƙara. Ka lura da tarko ɗaya: lambar da ake sawa a HiveOS ninki biyu ce ta Afterburner. Ƙarin 1000 a Windows shi ne 2000 a can. Wanda ya kwafi lambar HiveOS ya zuba a Afterburner, allo zai ɗauke masa nan take.

Alamar ka wuce gona da iri ita ce amsoshin da dandalin haƙa, wato inda kake tura lissafinka a biya ka, ke ƙin karɓa su fara yawa, ko manhajar haƙa ta riƙa mutuwa tana tashi. Memorin GDDR6X na 3080 da 3090 shi nasa salon daban ne: yana gano kuskure ya maimaita aikin, don haka ba zai tsaya ba, sai dai ka ga kana ƙara gudu saurin haƙa na raguwa. Da ka ga haka, ja baya da ɗari biyu.

Kulle gudu da rage boltej

Nan ne gishirin aikin. Maimakon a bar ƙwaƙwalwa tana hawa da sauka, sai a kafe ta a gudu ɗaya. Kati yana da jadawali a cikinsa wanda ya ce gudu kaza yana tafiya da boltej kaza. Da zarar ka kafe gudun a ƙasa, boltej zai sauko da kansa ya zauna. A katunan GTX 16 da RTX 20 zuwa sama, umarnin shi ne nvidia-smi -i 0 -lgc 1400, kuma nvidia-smi -rgc yana warware shi. GTX 10 ba su san wannan umarni ba. A HiveOS, in ka rubuta lambar da ta haura 500 a gurbin ƙwaƙwalwa, kullewa yake ɗaukarta. Manhajojin haƙa irin lolMiner su ma suna da hanyar sa shi daga cikinsu.

Yadda za ka nemo lambarka: ɗaga iyakar wuta ta koma sama don kada ta shiga tsakani, kulle a 1500 MHz, ka riƙa saukowa hamsin-hamsin. Wat zai riƙa raguwa, saurin haƙa na nan a tsaye. Inda saurin ya fara zamewa, ƙara hamsin ka tsaya. Akwai kuma wani bango a ƙasa: katunan Nvidia ba sa sauka ƙasa da wajen milibolt 700, don haka in ka iso nan, ƙara rage gudu ba ya sake kawo wani ragin kirki.

Har yanzu dai a kan jadawalin kamfani kake tafiya. Rage boltej na haƙiƙa shi ne ka sa katin ya yi wannan gudun da boltej ƙasa da wanda aka rubuta masa. Hanya biyu ce. Ta farko, ka haɗa kulle da ƙarin gudu: ka bar kullen a inda yake, sannan a gurbin Core Clock ka sa ƙarin 100, daga baya 150, 200. Da yake gudun a kulle yake, ba zai hau ba. Abin da zai faru shi ne jadawalin gaba ɗaya zai matsa, katin ya cim ma gudun nan a ƙaramin boltej. Mutane da yawa suna ganin alamar ƙari sai su ɗauka wuta za ta ƙaru, alhali a nan raguwa take yi. Wannan dabarar ta fi amfani a tsarin da ke buƙatar ƙwaƙwalwa da gudu sosai, kamar KawPow.

Ta biyu ita ce zanen Afterburner. Danna Ctrl da F tare, wani zane zai buɗe: boltej a kwance, gudu a tsaye, ɗigo-ɗigo suna hawa. Zaɓi ɗigon da ke kan boltej ɗin da kake so, a ce milibolt 800, ka ja shi sama zuwa gudun da kake nema. Sannan duk ɗigon da ke damansa ka sauko da su ƙasa da shi, ka danna amincewa. Layin zai miƙe daga nan zuwa ƙarshe, ma'ana katin ba zai ƙara neman boltej sama da 800 ba. In ya yi awa ɗaya lafiya, gwada 775, sannan 750. In ya tsaya, kada gabanka ya faɗi. Ƙarancin boltej ba ya ƙona kati. Iyakarsa allo ya daskare, ka kashe ka kunna, ka koma lambar baya. Abin da ke cin kati shi ne zafi da matsa wa memori.

Bayan ka samu inda ya zauna, sai ka dawo kan iyakar wuta ka sa ta wat goma zuwa sha biyar sama da abin da katin ke ci yanzu. In wata rana kullen ya kwance, ita za ta tare.

Masu AMD nasu ya fi sauƙi, domin manhajar Adrenalin tana barin mutum ya rubuta gudu da boltej da hannunsa a sashen Tuning. A RX 580, wurin farawa mai kyau shi ne 1150 MHz da milibolt 900, a riƙa saukowa goma-goma ko ashirin-ashirin. Abu biyu ne ke rikita mutane a wannan katin. Na ɗaya, in ba a mayar da direba yanayin Compute ba, saurin haƙa zai zube. Na biyu, gurbin da aka rubuta wa boltej ɗin memori a gaskiya ƙasan boltej ɗin ƙwaƙwalwa yake tsayarwa. In ka bar shi a 950, ko ka rubuta 850 a ɗaya gurbin, katin a 950 zai zauna. Batun sauya BIOS na kati kuwa, shawarata ga sabon shiga ita ce ya bar shi tukuna.

Zafi, ƙura da ɗauke wuta

Saitin da ya yi awa ɗaya bai ci jarrabawa ba. Ba shi awa 24, kuma ka duba matsakaicin saurin da dandalin haƙa ya lissafa maka, domin da shi ake biya. Amsoshin da aka ƙi kada su kai ɗaya cikin ɗari.

Lambobin da za ka tarar a intanet, galibinsu daga ƙasashe masu sanyi aka gwada su. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, dole ya yi nasa awon. Ƙwaƙwalwa in ta yi zafi, wutar da ke zurarewa a cikinta tana ƙaruwa, don haka saiti ɗaya zai fi cin wuta da bazara, kuma wanda ya zauna lafiya cikin hunturu yana iya fara tsayawa da azahar a watan Afrilu. Ka ajiye saiti biyu, na sanyi da na zafi. Ka nemi ƙwaƙwalwa ta zauna ƙasa da digiri 70. Memorin GDDR6X yana rage gudu da kansa in ya kai 110, amma kada ka jira wannan. In yana wuce 100 kullum, sai an sauya masa ƙyallayen ɗaukar zafi da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya. Fanka a kafe ta tsakanin kashi 60 da 75, ya fi mata sauƙi a kan ta riƙa hawa da sauka. Ka kuma tuna duk wat ɗin da ya shiga inji zafi yake zama a ɗakin: kati shida da sauran kayansu kamar dutsen guga ne da aka bari a kunne dare da rana. In iskar ba ta da mafita, ita za ta sake komawa cikin katunan. Ƙurar hunturu kuma a riƙa hure ta da bulowa bayan an kashe inji, ana riƙe da fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.

Sai babban haɗarin da ya fi shafar mu. Saitin nvidia-smi yana gogewa duk lokacin da inji ya mutu, na Afterburner ma haka in ba ka kunna maɓallin Startup ba. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, inji zai iya tashi ya fara haƙa da cikakken cin wutarsa kafin saitin ya hau. Kati shida na RTX 3070 da ka lissafa a kan wat 720 sai su nemi 1,320. Saboda haka kada ka sayi fawa fak ko inbata da lissafin ragaggen wat. Ka saya da lissafin abin da aka rubuta wa katunan, kuma nauyin yau da kullum kada ya wuce kashi 80 na ƙarfinsa. Ka tsara saiti ya riga manhajar haƙa tashi. Maɓallin Startup kuwa sai bayan gwajin awa 24 ake kunna shi, in ba haka ba mugun saiti zai riƙa kashe inji duk tashi.

Wayoyi ma suna da iyakarsu. Ramin da kati ke zama yana ba da wat 75, filogi mai ƙafa shida 75, mai ƙafa takwas 150. Filogin SATA wat 54 kawai yake ɗauka, don haka ciyar da raiza, wato ɗan allon da ke haɗa kati da madabod, da shi neman gobara ne, komai ragin da ka yi.

Lissafin ƙarshe

A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A a Najeriya zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko wajen Naira 209. Da wannan farashin, in ka rage wat 100 a kati ɗaya, ka tsira da yunit 2.4 a rana, yunit 72 a wata, kimanin Naira 15,000. A kati shida, Naira 90,000 ke nan duk wata. Ka yi naka lissafin da farashin da ke kan rasit ɗinka. Wanda ke kan sola shi ma ragin nasa ne, domin kowane wat faranti ne da batir. Janareta kuwa wutarsa ta ninka ta mita tsada, babu saitin da zai cece ta. Masu zagaye mita su ce suna cin riba, wutar wasu suke sayarwa, wannan kuma sata ce.

In ka gama, ɗauki wat ɗin bango da saurin da dandali ya tabbatar, ka zuba su a shafi irin WhatToMine tare da kuɗin wutarka, ka cire kason dandali da na manhajar haƙa. Idan bayan duk wannan ragin kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, ka kashe injin. Kuɗin da za ka zuba a mita, in har wannan kirifton kake so, ya fi arha ka saye shi da su kai tsaye, katin kuma ka sayar wa masu tace bidiyo ko masu wasa tun yana da daraja.